Kunyar da muke ji da kunyar da muke sha

Ranar wata Asabar da ta gabata na halarci ɗaurin auren 'yar wani abokin aikina. Bayan an shafa fatiha jama'a sun fara watsewa, sai wani dattijo daga dangin ango ya kama hannun uban amarya yana yi masa godiya, yana cewa abin da ya sa suka nace sai wannan yarinya shi ne, "akwai ta da kunya." Da na dawo gida na tarar da maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da ke shirin karɓar baƙi daga ƙauye, tana ta kai da kawowa tana cewa, "Allah dai ya fitar da mu kunya." Bayan sallar isha'i kuma, a majalisar ƙofar gida, hira ta faɗa kan wani ma'aikaci da aka kama ya yi sama da faɗi da kuɗin 'yan fansho, wani ya kada baki ya ce, "ai kuwa ya sha kunya." Nan take wani ya tare shi da cewa, "wa ya gaya maka? Ai irinsu ba sa jin kunya."

A wuni guda ke nan na ji kalma ɗaya sau huɗu. Da safe yabo ce da ake neman aure saboda ita, da rana abin tsoro ce da ake roƙon Allah ya fitar da mutum daga cikinta, da dare kuma azaba ce da ake sha, sannan hali ce da ake zargin mutum da rashinsa. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu zauna yau mu dubi kalmar kunya da idon basira, domin a ganina yawancin kukan da muke yi na lalacewar tarbiyya da lalacewar shugabanci yana komawa ne ga yadda muka rikita ma'anonin wannan kalma, muka riƙe wasu muka saki wasu, muka kuma ɗora nauyinta a kan waɗanda ba su kamata su ɗauka ba.

Bari mu fara da ita kanta kalmar. Kunya suna ce jinsin mace, shi ya sa muke cewa kunya ta kama shi, ko kunya ta rufe ta. A Kano da Zariya da Bauchi kunya ake cewa, amma a Sakkwato da wasu sassan yammacin ƙasar Hausa za ka ji ana cewa kumya, kuma haka za ka tarar da ita a rubuce a wasu tsofaffin littattafai. Daga cikinta aka ƙera aikatau kunyata, ta hanyar da aka ƙera tsorata daga tsoro, da ƙaryata daga ƙarya. Duk wanda ya buɗe ƙamus na Hausa da Turanci, tun daga na Bargery na 1934 har zuwa na Paul Newman na 2007, zai ga cewa kalmar Turanci guda ba ta isa ta ɗauke ta, sai an jero kalmomi da dama, wasu na yabo wasu na zargi. Wannan kuwa yana nuna cewa Bahaushe ya ɗaure abubuwa da yawa a ƙunshi ɗaya, waɗanda wasu al'ummu suka rarraba su.

Mai son gane kunya sai ya lura da aikatau ɗin da take tafiya da su, domin a nan asirin yake. Na farko shi ne ji. Bahaushe yana jin magana, yana jin yunwa, yana jin ƙanshi, yana jin Larabci, yana kuma jin kunya. Duk abin da ake ji daga cikin mutum yake tasowa, ko kuma cikinsa yake shiga. Idan na ce ina jin kunyar malamina, ban ce malamin ya yi wani abin assha ba, ban kuma ce ni na yi ba. Abin da nake nufi shi ne girmansa ya cika mini ido har akwai abubuwan da ba zan iya faɗa ko aikatawa a gabansa ba. Wannan kunyar tana zuwa tun kafin a yi laifi, kuma ita ce take hana a yi shi. 'Yar'uwarta ta kusa ita ce nauyi, kamar yadda ake cewa ina jin nauyinsa.

Na biyu shi ne sha. Masana harshe sun daɗe da lura da yadda Hausa take amfani da ci da sha. Bafaranshen nan Claude Gouffé ya yi rubutu a kan haka a 1966, sannan Philip Jaggar da Malami Buba suka faɗaɗa binciken a 2009. Abin da aka gano shi ne, sau da yawa ci na wanda ya yi rinjaye ne, sha kuwa na wanda abu ya faɗa wa ne. Ana cin nasara, ana cin gari, ana cin kasuwa, amma wahala da duka da kaye da rana shan su ake yi. To, a wannan layi na biyu kunyar tozarci ta faɗo. Wanda ya sha kunya ba daga zuciyarsa abin ya taso ba, daga waje aka ɗura masa, bayan aikin gama ya gama, asiri ya tonu a bainar jama'a. Mai karatu zai kuma lura cewa wanda ya jawo wa wani wannan hali, shi ci ake cewa ya yi: ya ci mutuncinsa, ya ci zarafinsa, ya ci fuskarsa. Ɗaya ya ci, ɗaya ya sha.

Na uku shi ne ba. "Ka ba ni kunya" magana ce da ba a faɗa wa bare. Uba ke faɗa wa ɗa, malami ga almajiri, aboki ga aboki, wato wanda aka sa rai a kansa sai ya gaza. Ta bambanta da "ka kunyata ni", domin kunyatawa tana bukatar idon jama'a, ita kuwa wannan ko a cikin ɗaki daga kai sai shi tana iya sa ƙato ya zubar da hawaye. Na huɗu kuma shi ne fita da fitarwa. A nan an ɗauki kunya kamar wani rami ko wani ɗaki da mutum yake ciki muddin akwai haƙƙin da ake jira ya sauke. Wanda aka yi wa baƙi yana cikinta sai ya sallame su da daɗin rai. Uban da zai aurar da 'ya yana cikinta sai an kai amarya da kayan ɗakinta. Shi ya sa ake cewa wane ya fita kunyar surukansa, ko ɗana ya fitar da ni kunya. Wannan kunyar bashi ce ta zaman tare.

Kusa da waɗannan akwai wasu kalmomi da ke kewaye da kunya kamar dangi a gidan biki. Akwai kara, wato ka danne son ranka don ka kyautata wa wani. Akwai kawaici, ka ga abu ka yi kamar ba ka gani ba. Akwai fulako, wadda asalinta daga pulaaku ne na Fulani, tsarin halayen da kunya, wadda suke kira semteende, take cikin ginshiƙansa. Akwai kuma alkunya, wadda tarihinta yake da ban sha'awa. A Larabci alkunya ita ce kiran mutum da Abu wane ko Ummu wane maimakon sunansa na yanka, kuma har yau malamanmu da wannan ma'ana suke amfani da ita idan suna ba da tarihin sahabbai. Amma a bakin jama'a, wanda aka miƙa wa abinci yana jin yunwa ya ce ya ƙoshi, alkunya aka ce ya yi. A ganina kunnen Bahaushe ne ya ji kunyarsa ta gida a cikin baƙuwar kalmar, ya kuma ga cewa sakaya suna da ma aikin kunya ne a wurinsa, sai ya jawo ta cikin dangi.

A ɗaya ɓangaren kuma, idan aka zo ga marar kunya, ido ne ake tuhuma. Ana cewa ba shi da ta ido, ko yana da tsaurin ido, ko idonsa a tsakar ka yake. Yaron kirki kuwa da sunkuyar da kai ake gane shi. Wannan ya nuna cewa kunya a wurinmu aba ce da ke rayuwa tsakanin mutanen da suke ganin juna, suka san asalin juna. Magabata sun taƙaita wannan da cewa tsoro na daji, kunya na gida. A daji abin da zai cinye ka kake gudu, a gida kuwa idon wanda ya san ubanka.

Baturen nan Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa, ya gabatar da wata lacca a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1973, aka buga ta a 1974 da sunan Mutumin Kirki. A ciki ya jero halaye goma da ya ga Hausawa suna auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, ba mutuniyar kirki kaɗai ya ce ba. Kunya tana cikin ma'aunin namiji baligi, mai gemu, mai riƙe da amanar jama'a, daidai da gaskiya da adalci. Zan dawo kan wannan batu, domin a nan ne muka yi babbar ɓata.

Wurin da kunya ta fi bayyana a al'adance shi ne cikin gida. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wani lokaci ma kakanni ko wata gwaggo ke ɗauke shi bayan yaye. Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta yi bayanin wannan kunya ta ɗan fari filla-filla. Mace ba ta kiran sunan mijinta, sai dai Malam, ko Alhaji, ko maigida, ko baban wane. Suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa, in ya hango shi a hanya ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ko ya sake hanya. Idan aka sa wa jariri sunan kakansa, sai a nemo masa laƙabi, daga nan muka sami ɗimbin Abba da Baffa da Ummi da Inna da Mama da ke cike da gidajenmu. Amarya kuma ba ta magana sai an sayi baki, ba ta yaye lulluɓi sai an yi buɗar kai.

Wasu 'yan boko suna kallon waɗannan a matsayin takura marar dalili. Ni ban ɗauke su haka ba. A gidan gandu, inda uba da 'ya'yansa maza da matansu da jikoki suke zaune a cikin katanga ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, dole a sami abin da zai hana raini da gori da son kai. Uwar da aka hana ta nuna ɗokin ɗanta na fari an koya mata ke nan cewa ɗa na kowa ne. Surukan da ke kauce wa juna an rage musu hanyoyin saɓani. Kunya ce ta yi aikin da bango da ƙofa da makulli suke yi a gidajen zamani. Gaskiya ne zama ya sauya, gandu ya watse a birane, kuma ba wanda zai ce lallai sai matar da ke koyarwa a jami'a ta ƙi faɗin sunan mijinta ko da a gaban ma'aikacin banki. Amma hikimar da ke ƙarƙashin al'adar, wato sanin cewa kusanci yana bukatar iyaka, ba ta tsufa ba.

Da Musulunci ya zo bai rushe wannan gini ba, sai ya ɗaga shi sama. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa kunya reshe ce daga rassan imani, kuma hadisi na 20 cikin Arba'una ta Imam Nawawi, wadda kusan duk ɗan makarantar Islamiyya ya haddace, yana nuna cewa wanda ya rasa kunya babu sauran abin da zai taka masa burki. Sai dai addini ya ƙara abu ɗaya da al'ada ba ta cika ƙarfafawa ba, wato jin kunyar Wanda yake gani ko babu kowa. Kunyar ido tana ƙarewa idan aka kashe fitila ko aka bar gari, wannan kuwa tana bin mutum har cikin ofishinsa bayan ya kulle ƙofa. Harshenmu ma ya san da haka, shi ya sa idan abu ya kai maƙura muke haɗa su biyun mu ce, ba kunya ba tsoron Allah.

Al'umma kuma tana da hanyoyinta na hukunta wanda ya ƙi jin kunya, ta hanyar shayar da shi ita. Akwai habaici a bakin rijiya, akwai zambo a bakin maroƙa da 'yan gambara, akwai tashe a watan azumi, inda a Kano Nalako yake farautar gwauraye a zaga gari da su ana raha, ana tuna musu cewa zama ba iyali ba abin ado ba ne. Mafi tsanani shi ne a daina gaisawa da mutum, a ƙi zuwa sunansa, a ƙi ba 'ya'yansa aure. Da yawa daga waɗanda suka yi abin kunya a da ba sa jiran a kore su, cikin dare suke tattara nasu ya nasu su shiga duniya. Ba kuma su kaɗai abin yake shafa ba, domin ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. Saboda zafin wannan hukunci ne babbar addu'ar Bahaushe ta zama Allah ya rufa asiri, har ya mai da rufin asiri sunan wadatar da ta isa mutum ya ci ya sha ba tare da ya miƙa hannu ba.

To, ina muka kwana yau? Abu na farko da na lura da shi shi ne mun mai da kunya kayan mata da yara da talakawa. Idan aka ce "abin kunya" a unguwa ba tare da ƙarin bayani ba, kowa ya san ana nufin wata yarinya ta yi ciki ba aure. Ba a cewa wanda ya yi mata cikin ya yi abin kunya da irin wannan murya. Ba a kuma faɗin haka ga wanda ya karɓi kuɗin ginin asibiti ya gina rabi, ko wanda ya sayar da takin da aka ba shi ya raba wa manoma, ko malamin da ya sayar da maki. Su waɗannan sai a ce sun samu, ko Allah ya buɗa musu, a ba su sahun gaba a masallaci, a kira su shugabantar taron saukar karatu. Kalmar da aka auna dattawa da ita ta koma sandar dukan 'yan mata.

Abu na biyu ya fi ban tsoro, domin rayuka yake ci. Likita kuma masanin al'adu Lewis Wall, wanda ya zauna a karkarar Hausa, ya nuna a wani bincike da ya buga a 1998 cewa kunya tana cikin abubuwan da ke sa mai haihuwar fari ta ɓoye naƙuda, ta danne zafi ba ta ko nishi, har lokaci ya ƙure. Doguwar naƙudar da kan jariri ya tsaya ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari, ciwon da asibitin Babbar Ruga a Katsina ya shahara da ɗinkinsa tun shekarun 1980. Ba na cewa kunya kaɗai ce sanadi, akwai talauci da nisan asibiti da ƙarancin ungozoma masu horo da jiran izinin maigidan da ya yi tafiya. Amma ita kunyar a hannunmu take, ba ta bukatar kasafin kuɗi. Haka mace za ta ji ƙullutu a mama ta yi shiru shekara guda don kada namiji ya duba ta. Haka magidanci zai ɓoye ciwon mafitsara har ya kwantar da shi. Haka za a yi wa ƙaramar yarinya fyaɗe, iyaye su rufe maganar don gudun abin kunya, mai laifin ya ci gaba da yawo a unguwa yana neman wata. A nan an juya kalmar a bai-bai: wadda aka zalunta ita ke shan kunya, azzalumin kuwa an rufa masa asiri.

Addini bai yarda da wannan ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina ne saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba, har da al'amuran da suka keɓanci jikin mace. Daga nan malamai suke cewa babu kunya a neman sani. Hausawa ma sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗakin likita da gaban alƙali da gaban malami ranakun wanka ne.

Abu na uku shi ne yadda gudun ƙaramar kunya yake jefa mu cikin babba. Ma'aikacin da albashinsa bai kai ba yana jin kunyar a ce bai yi layya ba, alhali shari'a ba ta ɗora wa marar hali ba. Yana jin kunyar a ce lefen ɗansa akwati uku ne, ko kayan ɗakin 'yarsa ba su kai na 'yar maƙwabci ba, ko garar ba ta cika mota ba. Don ya fita wannan kunya sai ya ci bashin da ba zai iya biya ba, ko ya sa hannu a aljihun gwamnati. Ya ji kunyar maƙwabta goma, bai ji kunyar dubban mutanen da ya danne wa haƙƙi ba, saboda su ba ya ganin idonsu. Mu kuma da muke zuwa kallon kaya muna ƙirga akwatuna muna da kaso a cikin zunubin.

Wani zai ce maganin abin shi ne hukuma ta riƙa kunyata masu laifi a bainar jama'a. An gwada. A watan Maris na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, aka sa ma'aikatan da suka makara tsallen kwaɗo, aka tilasta bin layi a tashar mota. An ga canji, amma da gwamnatin ta faɗi a watan Agustan 1985 sannu a hankali aka koma gidan jiya. Dalili kuwa a fili yake a cikin nahawun da muka duba: ana iya tilasta wa mutum ya sha kunya, amma ba a iya tilasta masa ya ji ta. Duk da haka shan kunyar ma yana da ranarsa. A watan Yulin 1999 shugaban Majalisar Wakilai, Salisu Buhari, ya sauka daga kujerarsa yana neman gafarar 'yan ƙasa bayan an bankaɗo batun takardar karatunsa da shekarunsa, haka kuma a watan Satumban 2018 ministar kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye aiki kan takardar hidimar ƙasa. Ban kawo su don tayar da tsohon miki ba. Na kawo su ne don mai karatu ya tambayi kansa sau nawa ya ga irin haka, idan aka kwatanta da yawan badaƙalar da jaridu suke bugawa kowane mako.

Sai kuma ga wayar hannu ta zo ta rushe sharaɗin da kunyar ido ta dogara a kai. Yaron da ba zai iya ɗaga kai a gaban kawunsa ba, zai iya zagin sa'an kakansa a Facebook da sunan aro, domin babu ido. A gefe guda kuma tonon silili ya zama sana'a. A da idan mutum ya yi kuskure garinsu kaɗai ya sani, yana iya komawa wani gari ya tuba ya sake rayuwa. Yanzu hoton bidiyo na minti ɗaya zai riga shi isa duk inda za shi, ya kuma jira 'ya'yansa. Mun rage jin kunya, mun ƙara yawan kunyata juna, kuma galibi marasa gata ne abin yake faɗa wa.

Ina ganin gyaran yana farawa daga bakinmu, tunda da baki aka ɓata. Mu mayar da kalmar abin kunya inda ta dace: ga mai cin amana, da mai tauye mudu, da mai karɓar na goro kafin ya sa hannu a takarda, da mai lalata 'yar mutane, ko da kuwa ɗan'uwanmu ne ko ɗan jam'iyyarmu. Mu cire ta daga kan marar lafiya da wadda aka zalunta da talakan da ya aurar da 'yarsa da abin da ya sawwaƙa. Iyaye mata su gaya wa 'ya'yansu cewa faɗin ciwo ba rashin kunya ba ne. Limamai su faɗi haka a kan mumbari, malaman makaranta su koyar da bambancin ji da sha. Mu kuma daina yi wa ɓarawon dukiyar jama'a kara da kawaici, domin magabata sun riga sun yanke hukunci cewa kunyar marar kunya asara ce. Ƙin tashi tsaye idan ya shigo taro, da ƙin karɓar gudummawarsa a bainar jama'a, sun fi dogon sharhi a jarida tasiri.

Mu kuma masu ɗan abin hannu da ilimin zamani, waɗanda muke zaune a kan kujerun da ake rabon amana, ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa wane ne yake jin kunyarsa har yanzu. Idan akwai wani tsohon malami, ko uwa, ko aboki, wanda tunanin ya ji labarinka zai sa ka janye hannu daga abin da ba naka ba, to ka riƙe shi da kyau, ka riƙa kai masa ziyara. Idan kuwa ka duba ko'ina ba ka sami ko mutum ɗaya ba, to lallai akwai gyara, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya ba mu kunyar da za ta hana mu shan kunya, ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya fitar da mu kunyar waɗanda suka ba mu amana. Amin.